Daren da Gonar Baffa Ta Zama Ƙwarya a Kife

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Ƙarfe ɗaya na dare ta gota, garin Kazaure ya yi tsit, sanyin hunturu na shigowa ta ƙarƙashin ƙofar shago, ni da ɗan yayata mun zura wa kwamfuta ido tun bayan sallar isha'i tana ta niƙar hotuna 240 da muka ɗauko daga gonar Baffa a ƙasar Roni, sai ga gonar ta fito. Ta fito! Ga kwarin da ruwa ya haƙa, ga bakinsa mai zubewa, ga tushiyar dawa layi-layi, ga sawun tayar babur ɗinmu a kan rairayi, kana juya ta kana leƙa ta ta sama da ta gefe kamar ka ɗauko ta a tafin hannu. Shekara goma sha tara ina ɗaukar hoto, na biki, na suna, na hawan salla, na fasfo, ban taɓa sanin akwai tsawo da zurfi a kwance cikin hotunan da nake ɗauka ba, suna jiran mai tono su.

Sai yaron ya juya ta ta gefe, ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, gonar nan dama tana da doro?"

Bari in koma baya kaɗan. Duk wanda ya san ƙasarmu, daga Kazaure zuwa Roni zuwa Gwiwa, ya san ƙasar duwatsu ce, ruwan sama kuwa in ya sauka a kan dutse ba ya zama, gangarowa yake a guje ya faɗa wa ƙasa mai laushi. Abin da ya fara kamar hanyar tururuwa a gefen gonar Baffa yau ya zama kwarin da ke haɗiye mutum a tsaye. Kowace kaka in na je gaishe shi sai ya ce, "Bana ma ya ci." Nawa ya ci, Baffa? Sai ya nuna da sanda. Taku biyu, wataƙila uku. Ba mai iya tsayawa a bakin kwarin da tef ɗin awo, don ƙarƙashinsa a rarake yake, kana takawa yana iya tafiya da kai.

Ɗan yayar tawa, wanda ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a nan cikin gari, shi ya zo da maganar wai ana awo da hoto. Ya ce in miƙa babban yatsana, in rufe ido ɗaya, in buɗe in rufe ɗayan. Yatsan ya yi tsalle a gaban bango. Ya ce in matso da shi kusa da hanci in sake. Tsallen ya ƙaru. "To shi ke nan, Kawu. Na kusa ya fi tsalle, na nesa ya fi zama. In ka ɗauki abu ɗaya daga wuri biyu, girman tsallen zai gaya maka nisansa." Haka kwamfuta ke yi, sai dai ita dubban tsakuwoyi da ƙaiƙayi da tsagar ƙasa take ganewa a wannan hoto da wancan, ta bi tsallen kowanne, ta ajiye shi a mazauninsa. Sunan sana'ar a bakin masu ita fotogirametiri, wato awo da hoto.

Masu hali jirgi marar matuƙi suke tayarwa. Mu ba mu da shi, kuma a Najeriya tayar da shi don aiki sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Sai muka sayi gora mai tsawon mita 4, muka ɗaure kyamarar a bakinta tana kallon ƙasa, muka saita ta tana ɗauka da kanta duk daƙiƙa 3, na riƙa tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu cike, layi bayan layi, kowane hoto na hawa kan fiye da rabin wanda ya gabace shi.

Doron kuwa ga shi ƙuru-ƙuru. Tsakiyar gona ta taso, gaba da baya sun sunkuya, kamar an kife ƙwarya. Na ce wataƙila haka take, ai ƙasar tudu ce. Gari na wayewa na kira Baffa. "Doro kuma? Kai ɗan nan, tsakiyar nan ai ruwa kwanciya yake yi in an yi mai yawa, sai na yanka masa hanya." Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, idon Baffa kuwa ya haura shekara hamsin yana kallon wannan gona. Ɗaya daga cikinsu ne ke kuskure, ko shi ko kwamfuta, kuma zuciyata ta ƙi yarda cewa shi ne.

Babura ce ta raba gardamar. Can, kusa da iyakar Nijar, ƙasa shimfiɗe take, rairayi iya ganinka, kuma a unguwar su Gwaggo ana gina jerin shaguna, an zuba kankaren daɓe mai tsawon mita 30, magina sun daidaita shi da tiyo mai ruwa. Wannan ba shi da doro, ruwa ne shaida. Muka nemi izini, muka watsa rairayi da tsakuwa kaɗan a kai don kwamfuta ta sami abin kamawa, muka bi shi da gora, muka zauna a zauren Gwaggo muna jira, batirin kwamfuta na ta raguwa. Daɓen ya fito da doro. Tsakiyarsa ta fi bakunansa tsawo da kusan taƙi guda! Na koma da gudu na roƙi shugaban maginan, wani dattijo mutumin Gwiwa, ya sake ɗora tiyonsa a gabana. Ya ɗora. Bambancin bai kai faɗin yatsa ba.

Ashe doron a cikin kyamarata yake. Kyamarar da nake ci da ita, wadda nake shafe wa ƙura da tsumma mai laushi kowace safiya, ashe duk hoton da ta ba ni sai ta ɗan tanƙwara shi.

Dattijon nan da ya ji abin da muke nema bai ce komai ba, ya shiga ya ɗebo igiyar gini, ya yanka gida biyar, ya ɗaura wa kowace guntun rodi, ya rataye su a jere daga katakon da ke saman ƙofofin shagunan. "Malam, ɗauki waɗannan. Igiya mai nauyi a ƙasa ba ta san karkata ba." Na ja baya har igiyoyin suka cika hoto daga wannan gefe zuwa wancan, na ɗauka, muka buɗe. Ta tsakiya miƙe take sak. Biyun da ke kusa da ita sun ɗan yi ciki. Na gefe kuwa, kai, sun lanƙwashe waje kamar baka, kamar an zana su a jikin randa. Na sha ganin bangon ɗakin amarya ya ɗan kumbura a gefen hoto, ina cewa ginin ne. A daren nan yaron ya binciko cewa wani Ba'amurke, Duane Brown, ya wallafa wannan dabara ta rataya igiyoyi don auna laifin gilashin kyamara tun 1971, kuma lissafin da ya tsara a 1966, bisa aikin wani masani Conrady na 1919, shi ne har yau ke cikin manhajojin awo. Na so a ce dattijon yana nan lokacin da aka karanta mini wannan.

Ga yadda na fahimci abin, kuma tun da na fahimce shi nake ganinsa ko'ina. Muna yara, in aka rufe zaure da rana tsaka kuma akwai 'yar huda a jikin ƙyaure, mukan ga inuwar masu wucewa a bango, kai a ƙasa ƙafa a sama. Wannan shi Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayaninsa a Kitabul Manazir: haske miƙe yake tafiya, ya bi ta huda, ya sauka a ɗaya ɓangaren. Huda ba ta tanƙwara komai. Duk lissafin awo da hoto a kan wannan huda aka gina shi. Amma huda haske kaɗan take shigarwa, shi ya sa aka cika bakin kyamara da gilasai masu doro, jere a bayan juna, su tara haske da yawa. Ladan da suke karɓa shi ne su ɗan kauce da haske daga inda huda za ta kai shi, kaɗan a tsakiya, da yawa a gefe. Daidaita kyamara, abin da muke ta nema ba mu san sunansa ba, shi ne ka auna wannan kaucewa ɗigo-ɗigo, ka rubuta, ka ba kwamfuta ta riƙa mayar da kowane ɗigo gidansa. Ba a taɓa gilashin da komai. Kamar tiya ce da aka buga wa gindi: in ka san abin da take ragewa, sai ka auna hatsi da ita ka san gaskiyar buhunka. Kuma kamar tiya, kowace da nata lotsawar. Kyamara biyu 'yan kamfani ɗaya, masu lamba ɗaya, ba lalle su yi laifi iri ɗaya ba.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin sana'ar shi ne mafarinta. Wani hafsan sojan Faransa, Aimé Laussedat, ya fara gwada zana taswira daga hoto a shekarun 1850. Amma nawa gwanin Bajamushe ne, Albrecht Meydenbauer, wanda a 1858 yana rataye a jikin babbar majami'ar garin Wetzlar yana awo da hannu ya kusa faɗowa ya mutu, ya sauko yana tunanin ko hoto zai iya hawa inda mutum bai kamata ya hau ba. Bakin kwarin Baffa ke nan! A 1885 aka buɗe masa cibiya a Balin don auna tsofaffin gine-gine da hoto. Mu ma nan abin ya daɗe da zuwa: taswirorin Najeriya masu ma'aunin 1:50,000, da yawansu daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960 aka zana su, kuma tun 1972 akwai cibiyar koyar da wannan fanni a Ile-Ife. Sai dai kyamarorin wancan aiki na musamman ne, masu tsadar gaske, kowace da takardar shaidar awonta daga ɗakin gwaji. Wanda ya buɗe wa irina ƙofa shi ne Zhengyou Zhang, masani a sashen bincike na Microsoft, da ya nuna a 1998, ya kuma wallafa a 2000, cewa allo shimfiɗaɗɗe mai gida-gida baƙi da fari, in aka ɗauke shi ta fuskoki daban-daban, ya isa a gano halin kyamara.

Allo kawai! Muka je wurin masu buga fosta aka buga mana gidaje 10 a tsaye 7 a kwance a kan sitika, kowane gida santimita 10. Muka sayi gilashin taga wurin mai aluminiyam muka manna a hankali muna korar iska da kati, don allon in ya yi doro ko na ƙwayar gero ne, kwamfuta za ta ɗora wa kyamara laifin. Muka bi gidajen da rula ta ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, saboda injin bugawa da mai mannawa duk suna iya ja. Sannan yaron ya sa ni abin da ya saɓa wa duk tarbiyyata ta mai hoto: in kashe saitin da ke nemo kaifin hoto da kansa, in kashe mai hana rawar hannu, in tsayar da zum a 18, in saita kaifi a nisan mita 4 kamar yadda yake a kan gora, in matse ƙofar haske zuwa 8, sannan in naɗe zobban gilashin da salatif kada su motsa. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Duk lokacin da kyamara ta nemo kaifi, gilasan ciki matsawa suke yi, mai hana rawa kuwa aikinsa ke nan ya riƙa gusar da gilashi gefe da gefe. Ashe a gonar Baffa, kyamara na kallon ƙasa tana lilo a kan gora, kusan kowane hoto da sabon ido aka ɗauke shi.

Muka jingine allon a inuwar darbejiya a tsakar gida da hantsi. Na ɗauke shi daga dama, daga hagu, daga sama ina kan turmi, daga ƙasa ina durƙushe, na kai shi kusurwar hoto ta sama, na kai shi ta ƙasa, duk kusurwoyi huɗun, don can ne laifin ya fi yawa, na juya kyamarar a tsaye na sake zagayowa. Hoto 30. Matar gida na leƙowa daga madafa tana tambaya ko allon ne zai yi aure. Yaron ya zuba su cikin OpenCV, manhajar kyauta, ta gano mahaɗar gidaje 54 a kowane hoto, kafin shayi ya huce ta fito da lambobi tara.

Lambobi tara, su ne kyamarata gaba ɗaya. Biyu na faɗin tazarar da ke tsakanin idon gilashi da farantin da ke karɓar haske. A jikin gilashin an rubuta milimita 18, awo ya ce 18.4. Biyu na faɗin inda cibiyar hoto take. Hotona ɗigo 6000 ne a kwance 4000 a tsaye, kowa zai ce cibiya na kan 3000 da 2000, ashe ta gusa gefe da ɗigo ashirin da wani abu. Uku na faɗin kumburin nan na randa. Biyun ƙarshe na faɗin yadda gilasan suka ɗan kauce wa juna tun a masana'anta. Na sa ya lissafa mini kusurwar hoto: ɗigo kusan 90 take kaucewa. Daga kan gora mai mita 4 hotona na rufe faɗin ƙasa mita 5 da 'yan kai, wato kowane ɗigo bai cika milimita ɗaya ba, ɗigo 90 kuwa santimita 8 ke nan a ƙasa, a kowane hoto, a kowace kusurwa. Ya ɗauko hoton igiyoyin Babura ya bi da shi ta cikin lambobin. Igiyoyi biyar suka miƙe sak kamar sahun salla. Tsigar jikina ta tashi.

Saura tambaya ɗaya da ta hana ni barci: me ya sa laifin gilashi ya koma doron ƙasa? Amsar na nan a aikin wasu masana biyu na Ingila, Mike James da Stuart Robson, na 2014. Manhajar da ke gina siffar ƙasa takan yi ƙoƙarin gano halin kyamara da kanta daga hotunan da aka ba ta. In duk hotunan kai tsaye suke kallon ƙasa, fuska ɗaya, ba ta da hanyar rarrabe tanƙwarar gilashi da tanƙwarar ƙasa, don su biyun alama iri ɗaya suke bari, sai ta ɗauki kayan wannan ta ɗora wa wancan. Maganin da suka nuna mai sauƙi ne: a haɗa da hotunan da aka ɗauka a karkace, masu kallon wuri ɗaya daga ɓangarori daban-daban. Masu jirage marasa matuƙi na miliyoyin kuɗi ma wannan doro ya sha kama su. Muka koma Babura da kyamara a naɗe da salatif, da lambobinmu tara, na bi daɓen kai tsaye, na sake bi da kyamara a karkace daga dama, na sake daga hagu. Doron ya faɗo daga taƙi zuwa abin da bai kai faɗin yatsa ba, daidai da abin da tiyon dattijo ya faɗa.

Akwai abin da lambobin ba sa bayarwa, kuma gara in faɗe shi. Hoto siffa yake sani, bai san girma ba. Kwarin gaske da wanda yaro ya haƙa da cokali duk ɗaya ne a wurinsa. Dole ka ajiye tsawon da ka sani a cikin fili. Muka kafa turaku 8 na rodi nesa da bakin kwarin, muka zuba musu siminti, muka auna tsakaninsu da tef na ƙarfe, muka ɗauki tudunsu da tiyo mai ruwa, biyar muka ba kwamfuta, uku muka ɓoye mata don mu gwada gaskiyarta da su. Hotunan kuma daga katin kyamara ake kwashe su kai tsaye, don manhajojin hira na waya kan rage girman hoto su goge bayanansa, wanda aka yanke wa gefe kuwa cibiyarsa ta tashi. Wannan awo ba ya zama takardar fili. Iyakar gona da shaidar mallaka aikin safiyo mai rajista ne, rikicinta kuma na mai unguwa da dagaci da hakimi da kotu. Ni abin da nake nema in san ƙasa nawa ruwa ke kwashewa.

Muka ɗauki gonar a ƙarshen rani kafin ruwan farko, da sassafe kafin inuwa ta yi kaifi. Damina ta zo ta wuce, kyamara ta sha bukukuwa, ta sha girgizar babur, saboda haka kafin mu koma sai da muka sake fito da allon. Lambobin sun ɗan motsa kuwa. Bayan an yanke dawa muka sake ɗauka, yaron ya ɗora siffar kaka a kan ta rani, ya sa inda ƙasa ta ragu ya yi ja.

Na ɗauki kwamfutar a jaka har Roni, na buɗe ta a kan tabarmar Baffa. Kan kwarin ya matsa mita 2 da santimita 40, kusan abin da sandarsa ke nunawa. Ƙasar da ta tafi mita-kubik 46. In ƙaramar tifa na ɗaukar 5, tifa tara ke nan da ɗoriya, a damina ɗaya, daga gona ɗaya. Amma jan bai taru a kan kwarin ba, inda Baffa ya shekara uku yana jibga buhunan rairayi. Fiye da rabinsa a gefen gabas yake, dogon zane siriri, santimita 30 nan, 50 can, wurin da ba wanda ya taɓa kula da shi saboda ba ya ci da yawa a wuri guda. Baffa ya sa tabarau, ya bi jan da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya tsaya.

"Nan ai hanyar dabbobi ce. Ruwan dutse ta nan yake biyowa ya zubo ta gefe."

Ya miƙe ya ɗauki sandarsa, muka bi shi. Tun a hanya yake lissafin inda za a samo saiwar jema da gamba, da layi nawa za a dasa a gefen gabas ɗin kafin ruwan baɗi, da wanda zai je ya yi magana da masu shanu a karkatar da hanyar ta bayan kuka. Muna tsaye a wurin wayata ta yi ƙara. Dattijon magini ne. Ya ce akwai wani kwari a bayan garinsu a ƙasar Gwiwa da ya doshi maƙabarta, yana tambaya ko gorar tana nan, ya ce turaku da siminti da tiyo shi zai kawo.